Baƙon gindin randa

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa sai ya kama gabansa. Amma in aka dubi gonakin ƙasar Maraɗi da garakenta, sai a tarar da baƙi masu yawa da suka zo ba su koma ba, har aka manta da baƙuncinsu. Gujiya, wadda ta gina arzikin Maraɗi tun zamanin Turawa har zuwa zamanin kamfanin SONARA, daga Kudancin Amurka irinta ya fito. Rogo da masara da tumatir da tonka duk daga nahiyar Amurka suka ƙetaro teku. Mangwaro da bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, daga wajen Indiya aka kawo su. Duk an karɓe su hannu biyu, domin kowanne ya zo da abin biyan masauki: wani abinci, wani mai, wani inuwa, wani magani. To, yaya ke nan in baƙon ya zo hannu rabbana, ba ya ciyarwa, ba ya warkarwa, ba abin da ya iya sai a dube shi a ji daɗi, ga shi kuma yana neman rabonsa cikin ruwan da mata ke jawowa daga rijiya?

Wannan ita ce tambayar da ta taso a gidan wani tsohon malamin lakwal a Gangara ta gundumar Gazawa, wadda kafin 2011 take ƙarƙashin Agye, can wajen iyakar Najeriya. Malamin ya yi shekara talatin da ƴan kai yana koyar da yara ƙauye-ƙauye, sannan ya ajiye alli ya koma gonar gado, yana noma hatsi da wake da ɗan aya. Ƴarsa ce, mai aikin jinya, ta dawo daga Legas da wani tsiro cikin ƙaramin bokitin roba, ta ce masa: «Baba, ga tsarabarka. Na san ba ka iya zama ba abin reno.» Ganye uku ne kacal a jikinsa, kowanne ya kai faɗin tafin hannu, mai siffar ganyen gwaza amma ya fi kauri, kore shar mai duhu, da laushin karammiski, ga jijiyoyi farare sun ratsa shi kamar an zana su da azurfa.

Sunan tsiron anturiyom. Wani masanin tsirrai na ƙasar Ostiriya, Heinrich Wilhelm Schott, shi ya raɗa masa wannan suna a 1829, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu masu nufin fure da wutsiya, saboda furensa wani ɗan sanda ne siriri mai kama da wutsiyar ɓera. Irinsa ya kai kusan 1,000, kuma asalinsu duka daga nahiyar Amurka ne, tun daga Meziko har arewacin Ajantina. Wanda aka fi sani shi ne mai jan fure mai sheƙi, irin wanda ake ajiyewa a otal-otal da manyan ofisoshi. Wani Bafaranshe, Édouard André, ya samo shi a dajin Kolombiya a 1876 ya aika da shi Turai. Amma akwai wani rukuni da ba don fure ake renonsu ba, don ganye ake yi, kuma cikinsu na malamin yake. Masana suna kiransa Anthurium clarinervium, wato mai bayyanannun jijiyoyi.

Abin da ya fara kwantar wa malamin da hankali shi ne gane cewa baƙon nasa yana da dangi a ƙasar Hausa. Gida ɗaya suka fito da gwaza, haka kuma da kainuwa wadda ke yawo bisa tafki. Wanda ya taɓa lura da gwaza ya riga ya san rabin halin anturiyom: yana son inuwa, yana son danshi, ruwan jikinsa kuma yana sa ƙaiƙayi. Bambancin dai shi ne kainuwa dashen Allah ce, ba ta neman hannun kowa, shi kuwa wannan a ƙasar nan dashen mutum ne, ranar da mutum ya juya masa baya ranar ya fara mutuwa.

Dalili kuwa a fili yake in an auna ƙasashen biyu. A yankin Coko na Kolombiya, inda da yawa daga cikin danginsa masu manyan ganye suke, ruwan saman da ke zuba a birnin Kibdo ya zarce milimita 7,000 a shekara. A ƙasar Gazawa kusan 500 ake samu, wata shekara ya ɗara, wata ya gaza, kuma duk cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Akwai irin da masu reno ke yi wa laƙabi da sarki, Anthurium veitchii, da wanda suke kira sarauniya, Anthurium warocqueanum, waɗanda ganyensu kan kai mita guda. Waɗannan ƴan Kolombiya ne, hunturu ɗaya ya ishe su halaka a Gangara. Na malamin kuwa ɗan jihar Ciyafas ne ta kudancin Meziko, inda yake fitowa a tsagar duwatsun farar ƙasa, ƙarƙashin inuwar itatuwa, a wurin da ruwa kan ɗauke na ƴan watanni. Saboda haka ganyensa ya yi kauri, ya kuma san ɗan abin da ake kira ƙishirwa. Ba don haka ba, da labarin ya ƙare tun shekarar farko.

Uwargida ce ta fara ɗaga magana, kuma tana da gaskiyarta, domin ita ta san nauyin guga. Da ta ga ana neman wa tsiron wuri, sai ta ce: «Malam, wannan kishiya da aka kawo mini, me take ci, me take sha? Ba ta miya, ba ta magani, ko akuya ba a ba ta. In ruwan rijiya za ta sha, to, a gaya mini kan wa zai ɗauko.» Malamin bai yi gardama ba, domin ya san abin da bazara take yi: rijiya ta ja baya, layi ya yi tsawo a bakin famfo, ƴan mata su fita tun da asuba. Ya ce: «Hajiya, ba ni shekara guda in ƙirga. In abin da take sha ya taɓa randarki, da hannuna zan fitar da ita.» Tun daga ran nan sunan kishiya ya bi tsiron a cikin gida, jikoki kuwa suna ce masa amaryar Kaka.

Ya ɗauko tsohon littafin kiran suna na lakwal ya riƙa rubuta kowace moɗa. Da damina moɗa ɗaya, wato rabin lita, tana kai shi mako guda. Da hunturu sai moɗa biyu. Da bazara moɗa uku, wani mako huɗu. Da shekara ta zagayo ya haɗa lissafi har da ruwan wanke ganye, sai ya ga abin bai wuce lita 75 ba, wato bido uku masu cin lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini don sha da girki da tsabta. Ke nan abin da tsiron ya sha a shekara bai cika ruwan kwana huɗu na mutum ɗaya ba. Kuma ko wannan bai bari ya fito daga rijiya ba. Cikin watan Agusta, bayan ruwan farko ya wanke ƙurar rufin kwano, yakan tari bido uku ya toshe su ya ajiye a inuwa. Ruwan sama ma shi ya fi dacewa da tsiron, domin ruwan wasu rijiyoyi yana da gishiri da kanwa, waɗanda ke taruwa su yi fari-fari a bakin tukunya su ƙone bakin ganye.

Sai maganar ƙasar da za a dasa shi. Nan ne masu reno da yawa ke kashe shi, domin suna yi masa irin abin da ake yi wa hatsi. Saiwar anturiyom fara ce, mai kauri kamar taliya, kuma numfashi take yi. A garinsu ba cikin ƙasa take nutsewa ba, tana bin ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a tsagar dutse ne, wasu danginsa ma bisa rassan itatuwa suke zaune, saiwarsu na reto cikin iska. Lakar fadama tana shaƙe ta, rairayin jigawa kuma ya daddale ya hana iska shiga. Malamin ya haɗa nasa da abin da ke hannu: gawayin da aka farfasa kamar ƙwayar gujiya aka wanke tokarsa, da tsohon ɓawon itace, da ɓawon gujiya wanda ya sha damina guda, da ɓawon kwakwa da ya yanyanka ya jiƙa kwana uku yana sake ruwan, da tsingaron tukunya, sannan ɗan ruɓaɓɓen ganye daga gindin gawo. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: in aka zuba ruwa ya wuce nan take ya fita ta ƙasa, ya bar danshi ba caɓi ba, to ya yi.

Ya sa mai ginin tukwane ta yi masa tukunya marar zurfi mai huda biyar a gindi, domin tukunyar ƙasa tana numfashi, ta roba kuwa tana dafa saiwa da zafi. Sai dai ɓawon gujiya da na itace abincin gara ne, ita kuwa gara ba ta neman izini. Don haka bai ajiye tukunyar a ƙasa ba, ya ɗora ta bisa faffaɗan dutse, ya zagaye dutsen da toka, yana kuma ɗaga ta kowace Juma'a ya duba. Tokar a ƙasa take tsayawa, ba ta shiga tukunya.

Wurin zama kuwa uwargida ce da kanta ta nuna shi, cikin gatse. Ta ce tun da amarya ba ta son rana, ba ta son iska, a kai ta gindin randa mana. Ashe nan ne wurin. A duk gidan Bahaushe ba inda ya kai gindin randa sanyi da danshi, domin randa tana naso dare da rana, kuma wannan nason ne ke sanyaya ruwan ciki. Danshin da ke tashi daga jikinta dā ma iska ke kwashe shi a banza. Yanzu ya sami mai amfana da shi ba tare da an rage wa kowa ko kurɓi ɗaya ba. Randunan gidan suna ƙarƙashin rumfa mai rufin zana, jikin bangon ɗakin ƙasa, ta gabas. Haske yana isa sosai, rana kuwa ba ta taɓa ganyen sai ƴar ta sassafe. Ga yadda ake gane hasken da ya dace: mutum ya miƙa hannu bisa ganyen da hantsi, in inuwar hannun ta fito baƙa ƙirin mai kaifin baki, rana ta yi yawa, ganyen zai ƙone, in babu inuwa sam, duhu ya yi yawa, tsiron zai tsaya cik, in ta fito dishi-dishi, nan ne daidai.

Da damina baƙon yakan ji kamar yana gida. Daga Yuli zuwa Satumba iska tana ɗauke da danshi, zafi ya sauka, sai ya fara fitar da sabon ganye. Yakan fito ƙanƙane, ja-ja kamar tagulla, da taushi kamar kunnen jariri, ya yi ta buɗewa har mako uku ko huɗu kafin ya yi ƙarfi ya koma kore mai duhu. A wannan lokaci ba a taɓa shi, domin ko ɗan ƙwarzane ya samu, da shi zai girma. Lokacin ne kuma kaɗai malamin ke ba shi taki: ya jiƙa tsohon kashin awaki wanda ya shekara, ya tace, ya tsarma ruwan har ya koma kamar shayi marar ƙarfi, ya ba shi sau ɗaya a wata. Takin zamani irin na gona, in aka barbaɗa shi kai tsaye, ƙone saiwar yake yi. Haɗarin damina ɗaya ne, wato yawan ruwa. Ba a shayar da shi don ranar shayarwa ta zo. Sai an tura yatsa cikin tukunya har gaɓa biyu an ji ya fara bushewa. In ganyen ƙasa suka riƙa yin rawaya, gindi ya yi laushi yana wari, to saiwa ta ruɓe, kuma so ne ya kashe ta ba ƙiyayya ba.

Hunturu shi ne babban abokin gaba. Anturiyom yana son danshin iska ya kai kashi 60 cikin 100, iskar hunturu kuwa takan sauko ƙasa da kashi 20, ita ce mai tsaga leɓe da diddige. Yana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 28, alhali a Disamba da Janairu wani dare yakan sauka ƙasa da 15. Ga ƙura mai toshe ƙofofin numfashin ganye. A shekarar farko bakin ganye biyu ya bushe ya yi ruwan ƙasa duk da gindin randa. Sai malamin ya lanƙwasa tsumagun sabara ya yi masa ƴar bukka, ya lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki, ya ajiye kasko da ruwa a gefe. Da rana yakan ɗage gefe ɗaya na awa biyu don iska ta shiga, domin iskar da ba ta motsi tana kawo ruɓa. Da dare ya shigar da tukunyar ɗakin ƙasa, wanda ke riƙe ɗumin yini. Ƙura kuwa ba a goge ta da tsumma, gogewa tana ɓata karammiskin. Ana kwarara ruwa ne a hankali da safe, a bar shi ya tsane kafin sanyin dare.

Bazara kuma da nata. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Maraɗi, ɗaki mai rufin kwano ya koma tanda. A nan malamin ya ari dabarar wani malami ɗan'uwansa na jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, wanda ya yaɗa hikimar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan da ke cikin rairayin yana fita ta jikin tukunyar waje, yana tafiya da zafi. Malamin ya sa tukunyar tsiron cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da rairayi, yana jiƙa shi da ruwan da ya zuba daga alwala, wanda yake tara a kasko. Saiwa ta sami sanyi, ba a taɓa randa ba. A watannin nan tsiron ba ya girma, ba a kuma neman ya girma; abin da ake nema ya kai damina da rai, kamar yadda ake nema wa sa da tunkiya.

Akwai ƙwari biyu da ake tsaro. Na farko wasu ƴan mitsi-mitsin gizo-gizo ne masu son bushewar iska, suna zama bayan ganye su tsotse shi har ya yi ɗigo-ɗigo. Na biyu wani farin ƙwaro ne mai kama da ɗigon kaɗa, yana maƙalewa a hammatar ganye. Maganinsu yana ƙofar gida: ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa kwana guda aka tace, irin wanda manoma ke fesa wa wake, a wanke bayan ganyen da shi da yamma. Sai kuma abin da ya wajaba duk mai reno ya sani: tsiron yana da dafi. Cikin ganyensa da saiwarsa akwai wasu ƙananan allurai da ido ba ya gani, irin waɗanda ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Yaro in ya tauna, bakinsa zai yi zafi ya kumbura. A wanke bakin da ruwan sanyi, in kumburin ya kai ga wahalar haɗiya ko numfashi a garzaya da shi likita. Malamin ya tara jikokinsa ya gaya musu haka ƙarara, ya kuma yi wa rumfar ƙyaure saboda awaki.

A majalisar ƙofar masallaci an daɗe ana yi masa dariya. Wani tsohon abokinsa ya ce: «Mushe, boko dai bai sake ka ba. Mutane na neman abin da za su sa a tukunya, kai kana sa ganye a tukunya kana kallo.» Maganar tana da nauyi, domin ƙasar nan ta ga yunwar 1984, ta ga ta 2005, ba wanda zai koya mata darajar hatsi. Amma in aka bi ta har ƙarshe, sai ta rushe abubuwa da yawa da ba wanda ke son a rushe. Jeren kwanonin da ke ɗakin amarya ba a cin tuwo a cikinsu. Aikin allurar da ke wuyan babbar riga ba ya ƙara mata ɗumi. Zanen da magina ke yi a fuskar soro ba ya tare ruwa, sassaƙar da ke jikin ƙwarya ba ta ƙara wa fura gardi, adon doki ba ya ƙara masa gudu. Talakan ƙasar Hausa bai taɓa yarda cewa ƙawa ta mai kuɗi ce shi kaɗai ba. Abin da ya sani shi ne ƙawa tana da iyaka: ba a sayar da hatsin rumbu a sayi kwanon jere. Malamin bai nemi fiye da wannan ba, kuma littafin moɗarsa shi ne shaidarsa.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, wanda ya sa malamin bai ɗauki renon baƙon wasa ba, bai kuma yarda a ɗauke shi abin koyi ga kowa ba. Shi ɗan zamanin da aka yi yaƙi da hamada da dashe ne. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, a 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan gurgusowar hamada a Maraɗi. An kafa gandayen renon itace, an raba ƴan itatuwa cikin leda, an dasa dubbai, amma kaɗan suka kai shekara: rani ya ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da saura. Ana cikin haka, a 1983, wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe suke jira ba, ba ruwa suke jira ba. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a tsare su daga gatari da dabba, shi ke nan. Manoma suka kira abin sassabin zamani, ko da yake tsofaffi sun san tushensa tun dā. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa, da kwamitin tsaron itatuwansa. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam bayan shekara ashirin ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi kan itacen da ya rena a gonarsa, bayan zamanin da tsoron tara ke sa shi kallon itace kamar kayan gwamnati. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

A gonar malamin akwai gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya waɗanda duk ta wannan hanya suka tashi, ba wanda ya taɓa shan moɗa ɗaya daga hannunsa. Gawo ma sai ya zama kamar kishiyar baƙon a hali: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ke neman abin ci. Baƙon yana farkawa lokacin da gawo ke barci, yana barci lokacin da gawo ke farke. Duk da haka ilimin da ya raya su ɗaya ne. Wanda ya dasa itacen leda a jigawa ya tafi, da wanda ya cusa anturiyom cikin laka ya yi ta kwarara masa ruwa, abu ɗaya suka tsallake: ba su tambayi saiwar daga ina ta fito ba, me kuma ta saba da shi. Ɗan gida, da aka tambaye shi, ya ce a bar shi kawai. Baƙo, da aka tambaye shi, ya ce a gina masa ɗan garinsu a gindin randa. Na farko ana iya yi wa miliyoyi, na biyu kuwa sai ɗaya ko biyu a gida, kuma wanda ya juya lissafin ya jawo wa rijiya.

A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane cikin gidaje a Turai da Amurka da Asiya, kasuwar irin waɗannan tsirrai masu ado ta yi tashin gwauron zabi, har aka riƙa tumɓuke wasu daga dazuzzukansu don sayarwa. Alhali ba a buƙatar haka, domin anturiyom in ya ji daɗi yakan fitar da ƴaƴa a gindinsa. Da farkon damina ana zare shi daga tukunya, a raba ɗan da ya yi saiwarsa da ganye biyu da wuƙa mai tsabta, a barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, a dasa shi dabam. A damina ta huɗu na malamin ya kai ganye tara, ya fitar da ƴaƴa biyu.

Masu dariyar jiya su ne suka fara aiko ƴaƴansu roƙo, har da abokin nan na majalisa. Malamin ya sa sharaɗi biyu, bai kuma sassauta wa kowa ba. Na farko, mai so ya zo da yardar matar da ke ɗebo ruwan gidansa, daga bakinta ba daga nasa ba. Na biyu, ya kai shi gonarsa ya nuna masa kututture goma da ya bari suka tashi. Ɗaya daga cikin ƴaƴan ya tafi gidan wata ungozoma wadda gonarta ta fi ta kowa gawo a unguwar. Ɗayan yana nan cikin ƙaramar tukunya, abokin kuwa an ce ya kai kututture bakwai, yana jiran sassabe mai zuwa ya cika. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya na gona da na gida.